Tsoka Ta Ja Ko Ta Yage: Wanne Ya Fi Tsanani, Kuma Yaya Ake Ganewa?

Kusan kowane mako na kakar wasanni sai an ga abu guda. Ɗan wasa ya zabura da gudu, ba wanda ya taɓa shi, sai kawai ya ja birki, ya kai hannu bayan cinya, ya zauna a ƙasa yana yi wa masu kula da lafiya alamar su zo. Washegari sanarwa ta fito. Wani a ce tsokarsa ce ta ja, bayan kwana 10 ya dawo fili. Wani a ce tsokarsa ta yage, sai bayan wata 4. Wani kuma a ce ɗan ja ne kawai, amma a shafe wata 2 ba a gan shi ba, har magoya baya su fara ƙorafin cewa lafiyarsa ƙalau, wasan ne ba ya so.

To, shin jan tsoka da yagewar tsoka ciwo biyu ne daban? Wanne ya fi muni? Tambayar ba ta 'yan ƙwallo kaɗai ba ce. Mai ɗaukar kaya da ya ji wani abu ya tsaga masa a damtse, uwar da ta sunkuya ta ɗauki yaro bayanta ya riƙe, dattijon da ya yi sauri zai tsallake hanya sha-raɓarsa ta ba da ƙara, duk tambayar da suke yi ke nan. Su kuwa ba su da likitan kulob da zai saka su a na'urar hoto kafin gari ya waye.

Ciwo ɗaya ne, mataki ne ya bambanta

Abin da ya kamata a fara kawarwa shi ne zaton cewa a jan tsoka babu abin da ya lalace, tsokar ce kawai ta miƙe fiye da kima, alhali a yagewa ne nama ke tsagewa. A wajen likitoci ba haka ba ne. Duk raunin da ake kira jan tsoka, in dai rauni ne na gaske, akwai yagewa a cikinsa. Bambancin kawai yawan abin da ya yage.

Tsoka ba dunƙulallen nama ba ce. Tarin zaruruwa ne siri-siri, an ɗaure su dami-dami, kowane dami da tantanin da ya lulluɓe shi, kamar yadda ake tufka igiya daga silalla masu yawa. Idan aka ja igiya da ƙarfin da ya fi nata, ba lokaci guda take rabuwa biyu ba. Sili ɗaya ko biyu ne ke fara tsinkewa, igiyar na nan tana aiki. In ƙarfin ya ƙaru, rabi ya tafi, ta koma ba ta iya ɗaukar nauyin da ta saba. In ya ƙaru kuma, ta rabu gida biyu. Waɗannan ukun ba ciwo uku ba ne, tsani ɗaya ne mai hawa-hawa. Mutane sun saba kiran na ƙasa "ja", na sama "yagewa", amma babu wata iyaka da aka shata a tsakani. Saboda haka in aka ce wa mutum tsokarsa ta ja, wannan kalmar ita kaɗai ba ta gaya masa komai game da girman raunin ba, kuma bai kamata ya saki jiki saboda ita ba.

Kalmar "jijiya" da ruɗanin da take jawowa

Muna ce wa abubuwa da yawa jijiya: hanyar jini jijiya, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya, farar igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya. Wannan ta ƙarshen ita ce agara, kuma za ta dawo a bayanin nan sau da yawa. Akwai kuma wata jijiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. Idan ita ce ta samu matsala, kamar in ƙafa ta gurɗe, shi ne targaɗe. Targaɗe ciwon gaɓa ne, jan tsoka ciwon nama ne da agararsa.

Akwai wasu abubuwa biyu da ake yawan haɗawa da jan tsoka. Na farko ɗaurewar tsoka, inda nama ke murɗewa ya yi tauri kamar dutse na 'yan daƙiƙu ko mintuna, sannan ya sake. A nan tsokar ta ƙi saki ne kawai. Na biyu tsamin jiki bayan aikin da ba a saba ba, wanda ba ya zuwa lokacin aikin sai washegari, ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, ya bazu a faɗin tsokar, yawanci a ɓangarorin jiki biyu, ya tafi cikin mako guda. Raunin tsoka na gaske yana da lokacinsa da wurinsa. Mai shi zai iya gaya maka daidai takun da ya ji abin, kuma zai iya ɗora yatsa ɗaya ya ce nan ne.

Matakai uku da aka saba da su

Rabon da ya fi yaɗuwa shi ne na matakai uku. A mataki na farko zaruruwa kaɗan ne suka tsinke. Mutum yana jin ciwo in ya miƙe tsokar ko ya matsa wurin, amma ƙarfinsa bai ragu sosai ba, yana tafiya, wani ma ya ƙarasa aikin da yake yi sai da dare ya ji jiki. Irin wannan kan warke cikin mako 1 zuwa 3.

A mataki na biyu wani yanki mai yawa na tsokar ya yage, amma ba ta rabu ba. Zafin kan zo farat ɗaya, kamar an soka wuƙa, ya tsayar da mutum cak. Ƙarfi ya ragu a fili, ana ɗingishi, wurin ya kumbura, bayan kwana 2 ko 3 jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Sau da yawa alamar jinin ba a kan raunin take fitowa ba, can ƙasa take bayyana, domin jinin gangarawa yake yi: an ji rauni a tsakiyar cinya, sai a ga duhu a bayan gwiwa. Wannan matakin shi ne mafi faɗi, kuma shi ya fi ruɗa mutane, don a cikinsa akwai mai warkewa a mako 4, akwai mai kai wa wata 3.

A mataki na uku tsokar ta rabu gaba ɗaya, ko kuma agarar ta ɓalle daga jikin ƙashi. Wasu kan ji ƙara kamar an karya kara. In aka shafa wurin ana iya jin rami, naman kuma ya tattare gefe guda ya yi ƙullutu. A damtse ana ganin wannan ƙarara: tsokar ta zame ta dunƙule kamar ƙwallo. Nan maganar watanni ce, kuma wani lokaci sai an yi tiyata.

Wannan rabon yana da amfani, amma yana da gurgunta babba. Yana ƙirga yawan zaren da ya tsinke, ya manta da inda ya tsinke.

Inda ta yage ya fi yawan yagewar tasiri

A ganina wannan shi ne abin da aka fi rashin fahimta a duk maganar, kuma shi ne ke bayyana dalilin da "ɗan ja" zai riƙe wani wata 2.

Riga ba ta cika yagewa a tsakiyar yadi ba, wajen ɗinki take ba da kai. Haka tsoka. Mafi yawan raunukan suna faruwa ne a mahaɗar jan nama da farar agara. Jan nama cike yake da jini, jini kuwa shi ke kawo kayan gyara, shi ya sa yake warkewa da wuri. Agara jininta kaɗan ne, gyaranta a hankali yake tafiya. Kuma agarar ba a bakin tsoka kaɗai take tsayawa ba. A wasu tsokoki, irin na bayan cinya da na gabanta, tana kutsawa can cikin naman kamar jijiyar tsakiyar gashin tsuntsu, zaruruwa na manne da ita ta gefe-gefe. Ƙaramar tsaga a wannan agarar ta ciki tana iya ɗaukar lokaci fiye da babbar yagewa a gefen naman.

Wani mai bincike ɗan ƙasar Suwidin, Carl Askling, ya nuna wannan a fili a binciken da ya wallafa tsakanin 2006 da 2007. Ya bi diddigin 'yan tseren gajeren zango 18 da masu rawa 15, dukkansu sun ji rauni a bayan cinya. 'Yan tseren sun ji nasu ana tsakiyar gudu, da yawansu sun faɗi, a kwanakin farko ko tafiya da ƙyar suke yi. Masu rawar sun ji nasu ne a hankali, wajen miƙe ƙafa, kuma da farko ba su jigata kamar 'yan tseren ba. Duk wanda ya gan su zai ce nasu mai sauƙi ne. Amma da aka ƙirga lokacin da kowa ya koma yadda yake kafin rauni, matsakaicin na 'yan tsere mako 16 ne, na masu rawa mako 50. Raunin masu rawar yana can sama ne, kusa da ƙashin da ake zama a kai, inda agara ta fi yawa. Wanda ya fi yin ihu ranar farko shi ya riga warkewa.

Saboda irin wannan ne likitocin wasanni suka fara sauya tsarin rabon. A 2012 wasu ƙwararru suka haɗu a kan wani tsari da aka sanya wa sunan birnin Munik na Jamus, ƙarƙashin jagorancin Hans-Wilhelm Müller-Wohlfahrt, wanda ya daɗe yana likitan Bayern Munich. Sun raba ciwon da tsoka ke yi ba tare da an ga tsaga ba daga wanda aka ga tsagar a hoto, har suka ba da shawarar a daina amfani da kalmar "ja" don tana ɓoye gaskiyar abin da ya faru. A 2014 likitocin hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta Birtaniya suka fito da nasu, mai mataki daga 0 zuwa 4, suka ƙara harafi a gaban kowace lamba don nuna wurin: a tantanin gefe ne, a mahaɗar nama da agara ne, ko a cikin agarar kanta. Raunin da ya shiga agara shi ya fi jinkirin warkewa a cikin 'yan wasan da suka duba, shi kuma ya fi saurin dawowa.

Yadda tsoka ke yagewa ba tare da an taɓa mutum ba

Mutane kan yi mamaki: ba wanda ya buge shi, ta yaya ya ji rauni? Tsoka ta fi shiga haɗari ne a lokacin da take ƙoƙarin taƙurewa alhali ana miƙe ta, wato lokacin da take aikin birki. A gudu, idan ƙafa ta yi gaba a iska kafin ta sauka, tsokokin bayan cinya ne ke rage mata sauri. A wannan ɗan ƙiftawar ido suna a miƙe kuma suna ja da iyakar ƙarfinsu. Haka mai sauke kaya mai nauyi a hankali, ko wanda ya zame ƙafarsa ta buɗe ya yi ƙoƙarin riƙe kansa.

Tsokokin da suka tsallake gaɓa biyu su suka fi shan wahala, domin ana jan su ta kai biyu: na bayan cinya sun haɗa ƙugu da gwiwa, babbar ta sha-raɓa ta haɗa gwiwa da dunduniya. Binciken da Jan Ekstrand ke jagoranta wa hukumar UEFA tun 2001 ya nuna cewa raunin tsoka ya kai kashi 31 cikin 100 na duk raunukan ƙwararrun 'yan ƙwallo, kuma kashi 92 cikin 100 na waɗannan a wurare huɗu suke: bayan cinya kashi 37, matsematsi 23, gaban cinya 19, sha-raɓa 13. Kulob mai 'yan wasa 25 zai iya sa ran raunin tsoka kusan 15 a kaka guda. Wani rahoton binciken da ya biyo baya ya nuna raunin bayan cinya kaɗai ya tashi daga kashi 12 cikin 100 na dukkan raunuka zuwa kashi 24 cikin kusan shekara 20.

Gajiya tana ƙara haɗarin, haka shekaru, haka tsunduma cikin aiki mai ƙarfi da jiki a sanyaye. Amma babu abin da ya kai tsohon rauni a wuri guda.

Zafi ba ma'auni ba ne

Ranar 12 ga Agusta 2017, a gasar duniya da aka yi a Landan, Usain Bolt ya karɓi sanda a zangon ƙarshe na tseren ba-ni-in-ba-ka na mutum 4, kowa mita 100, tserensa na bankwana. Ya yi 'yan taku, ƙafarsa ta hagu ta ƙi, ya yi tsalle-tsalle a kan ɗaya ya faɗi. Bayanin farko da ya fito daga likitan tawagar Jamaika shi ne ɗaurewar tsoka ce. Bayan 'yan kwanaki Bolt da kansa ya fitar da sakamakon hoto: yagewa ce a mahaɗar tsoka da agara a saman cinya, mai buƙatar jinyar wata 3. In har ƙwararren likita a bakin fili, da mara lafiya a gabansa, zai iya ɗaukar yagewa a matsayin ɗaurewa a sa'o'in farko, ina ga mu?

Abin ya fi haka ma. Tsokar da ta yage rabi takan fi wadda ta rabu gaba ɗaya zafi, domin sauran zaruruwan suna nan ana jan su a kan rauni duk lokacin da aka motsa. Wadda ta rabu, bayan zafin farko, babu abin da ake ja kuma, sai ciwon ya lafa. Na san wani magidanci mai kimanin shekara 50 da ya yi tsalle zai tare ƙwallon da yaransa suka bugo. Ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan ƙafa, har ya waiwaya yana neman wanda ya yi jifan, ba kowa. Da yamma zafin ya ragu, yana takawa da tafin ƙafa a shimfiɗe, ya ce ai da sauƙi. Sai da ya yi kusan mako 3 yana jan ƙafa, ya lura ba ya iya ɗaga dunduniyarsa in zai hau matakala, sannan ya je asibiti. Agarar dunduniya ce ta tsinke, kuma jinkirin ya sa gyaran ya yi wuya fiye da yadda zai kasance. Har yau in na tuna shi sai in ji takaici, don abin da ya yaudare shi ba wauta ba ce, sauƙin da ya ji ne.

Abin da ya fi zafi faɗin gaskiya shi ne aikin da tsokar ta daina yi. Mutum yana iya taka ƙafar ya ɗora nauyinsa? Yana iya tsayawa a kan yatsun ƙafa ɗaya? In ya kwanta rub da ciki, yana iya lanƙwasa gwiwa yayin da wani ke danne dunduniyar a hankali, kuma ƙarfin ya yi kusa da na ɗaya ƙafar? Akwai rami ko ƙullutun da babu shi a ɗaya ɓangaren? Wurin ciwon a tsakiyar nama yake ko dab da ƙashi? Waɗannan su likita ma zai fara dubawa kafin ya nemi hoto. Hoton ƙashi da aka saba ɗauka ba ya nuna tsoka. Sikanin ko MRI, wato na'urar da ke ɗaukar hoton naman cikin jiki, su ne ke nunawa, kuma yawancin ƙananan raunuka ba sa buƙatarsu.

Zafi na riga ƙarfi tafiya

Idan zaruruwa suka tsinke, jini yana cika giɓin, wurin ya kumbura, ƙwayoyin jiki masu share datti su zo su kwashe matattun guntaye. Wannan kwanakin farko ke nan. Sai wasu ƙwayoyi da ke kwance a gefen kowane zare, waɗanda Alexander Mauro ya fara bayyanawa a 1961, su farka su fara gina sabon nama, a lokaci guda kuma jiki na ɗinke giɓin da tabo. A kimanin kwana 10 na farko wannan tabon shi ne wuri mafi rauni a duk tsokar. Daga nan sai a shiga dogon zangon da sabon naman ke daidaita yana ƙara ƙarfi, wanda kan ɗauki makonni ko watanni.

A nan gizo ke saƙar. Zafi yakan ɓace tun ana tsakiyar wannan aikin. Mutum ya tashi da safe ba ya jin komai, yana tafiya daidai, ya ɗauka ya warke, ya koma gudu ko ɗaukar kaya, sai abin ya sake tsinkewa a wuri guda, sau da yawa fiye da na farko. A binciken UEFA ɗin nan, kashi 16 cikin 100 na raunukan tsoka maimaici ne, kuma sun fi na farkon cin lokaci. Kevin De Bruyne, ɗan wasan Manchester City a lokacin, ya fita daga wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a Istanbul a watan Yuni 2023 kafin hutun rabin lokaci, saboda bayan cinya da ya ce ya ɗauki kusan wata 2 yana fama da shi. A wasan farko na gasar Firimiya a sabuwar kaka, a watan Agusta, da Burnley, bai kai rabin lokaci ba ya sake fita. Wannan karon sai da aka yi tiyata, bai sake taka leda ba sai Janairun 2024. Wannan fa mutum ne da ke kewaye da ƙwararru.

Ƙanƙara, hutu da tausa: inda masana suka saɓa

Shekaru da dama shawarar guda ce: a huta, a sa ƙanƙara, a ɗaure da bandeji, a ɗaga wurin sama. Wani likitan Amurka, Gabe Mirkin, shi ya tsara ta haka a 1978. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa, domin kumburin farko wani ɓangare ne na gyaran. Har yau akwai masu ganin ƙanƙara na da amfani da masu ganin a bar ta. Abin da ya fi kusa da matsaya shi ne tana rage zafi, ba ta ɗinke tsoka. In za a sa, a naɗe ta a ƙyalle, minti 10 zuwa 20, a kwana 2 na farko. Irin wannan muhawarar ta shafi magungunan kashe kumburi kamar ibuprofen: na 'yan kwanaki ne in zafi ya yi yawa, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya tuntuɓi likita tukuna. Farasitamol ya ishi mutane da yawa.

Maganar hutu kuwa ta fi fitowa fili. A 2017 masu bincike a Danmak suka raba 'yan wasa 50 masu mummunan raunin cinya ko sha-raɓa gida biyu: wasu suka fara atisayen jinya kwana 2 bayan rauni, wasu kwana 9. Waɗanda suka fara da wuri sun riga sauran komawa wasa da kimanin mako 3, ba tare da raunin ya fi dawo musu ba. Sabon nama yana jera kansa ne bisa hanyar da ake jan sa. In an bar shi kwance sai ya warke a cukurkuɗe, gajere, mara ƙarfi. Abin nufi motsi mai sauƙi da ake ƙarawa sannu a hankali, iyakarsa inda zafi mai kaifi ya fara.

Abin da kusan kowa ya yarda a kai shi ne a kwana 2 zuwa 3 na farko a guji gasa wurin da zafi, da murza shi da ƙarfi, da giya, da miƙe shi da tsiya. Na san hannu yakan kai wajen ciwo da kansa, kuma mai murzawar alheri yake nufi, amma yana ƙara zubar jini ne a ciki. A cinya musamman, bayan mummunan rauni, jinin da ya taru yana iya rikiɗewa ya zama ƙashi a cikin nama, abin da kan ƙara watanni a kan jinyar.

Lokacin da ba a jira

Wasu alamu ba na zaman gida ba ne. Ƙarar tsinkewa tare da kasa amfani da gaɓar, rami ko ƙullutu a nama, jini mai yawa da ya malale a bayan cinya tare da kasa zama a kan ɗuwawun wannan ɓangaren: waɗannan suna nuna agara ta ɓalle, kuma in tiyata ce mafita, ta fi kyau a makonnin farko kafin tsokar ta ja baya ta manne. A yara masu tasowa agara ta fi ƙashin da ke girma ƙarfi, don haka maimakon ta tsinke sai ta ɓamɓaro guntun ƙashi. Yaron da ya ji ƙara a ƙugu yana gudu a ɗauki hoton ƙashinsa. Mai shan maganin ƙwayoyin cuta irin ciprofloxacin da ya fara jin ciwo a agarar dunduniya ya koma wa likita nan take, domin wannan rukunin magunguna yana ƙara haɗarin tsinkewar agara.

Akwai kuma cututtukan da ke shigar burtu da kamannin jan tsoka. Sha-raɓar da ta kumbura ta yi ɗumi ba tare da wani takun da mutum zai tuna ba, musamman bayan doguwar tafiya a zaune, ko tiyata, ko ga mai ciki, tana iya zama gudan jini ne ya toshe hanya. In aka murza shi ko aka yi sakaci yana iya tafiya huhu, kuma in numfashi ya fara wuya ko ƙirji ya yi ciwo, gaggawa ce ta rai. Zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, nama ya yi tauri kamar katako, yatsu su yi sanyi ko su mutu, alama ce matsi ya yi yawa a ciki, kuma sa'o'i ake ƙirgawa. Fitsari ya koma baƙi-baƙi bayan aikin ƙarfi mai tsanani yana nufin naman da ya lalace yana zuba cikin jini, yana barazana ga ƙoda.

Yaushe za a koma aiki ko fili?

Ba kalanda ke yanke wannan ba. Wurin ya daina ciwo in an matsa. Gaɓar tana miƙewa daidai da ta ɗaya ɓangaren. Ƙarfin ya yi kusa da na lafiyayyar, musamman a lokacin da tsokar take a miƙe, don a nan ta yage tun farko. Sannan mutum ya gwada ainihin aikin da zai koma a matakai: tafiya, sassarfa, gudu rabi, gudu sosai, ko kaya mara nauyi kafin mai nauyi, yana barin kwana guda a tsakani ya ji abin da jiki zai ce da safe.

Ga bayan cinya akwai wani atisaye da aka tabbatar da amfaninsa, wanda ake kira Nodik. Mutum ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, wani ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali da jiki a miƙe, yana riƙe kansa da tsokokin bayan cinya har inda ya kasa, sannan ya tare ƙasa da hannu. Wani nazari na 2019 da ya haɗa bincike 15 da 'yan wasa fiye da 8,000 ya gano cewa shirye-shiryen da suka ƙunshi wannan atisayen sun rage raunin bayan cinya da kusan rabi. Wanda ke jinyar sabon rauni ba da shi zai fara ba, sai mai kula da shi ya ga lokaci ya yi. Mai lafiya kuwa ya fara da sau 4 ko 5, sau ɗaya ko biyu a mako, ya kuma sa ran tsamin jiki a makon farko.